Kifin da ke goyo a baki: tambayoyi da amsoshi kan kiwon manyan dangin karfasa a Legas

Tun da na ajiye tankin gilashi a shagona a Agege, da wuya rana ta faɗi wani bai tsaya ya leƙa ya yi tambaya ba. Wani ya zo daga Mile 12 sayen kaya ya maƙale a gaban tanki rabin awa, wata Hajiya daga Idi-Araba ta aiko yaronta da hoton kifinta a waya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda, in amsa gwargwadon abin da na sani da wanda na gani da idona, a gilashi da kuma a kwamin simintin da ke bayan gidana.

Malam, wai da gaske akwai kifin da ke ƙyanƙyashe 'ya'yansa a baki?

Da gaske ne, kuma ka sha cin sa. Karfasar nan da ake soyawa a bakin titi, wadda Yarbawa ke kira epiya, yawancinta haka take haihuwa. Karfasa reshe ce ta wani babban dangin kifaye da masana ke kira siklid, kuma da yawa daga 'yan wannan dangi na Afirka ba sa barin ƙwansu a ƙasa.

Ga yadda abin yake a karfasar Nilu, wadda aka fi kiwo a ƙasar nan. Namiji zai zaɓi wuri a ƙasan ruwa, ya riƙa ɗiban yashi da baki yana tofarwa gefe har ya haƙa rami kamar akushi. Launinsa ya sauya, ya hana kowa raɓar wurin. In mace ta yarda ta shigo, sai ta zuba ƙwai kaɗan-kaɗan, ya bi ya zuba nasa ruwan, ita kuma ta juyo ta tsince ƙwan tas da baki. Daga nan ta kama gabanta, shi ya gyara raminsa yana jiran wata. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 5, amma 'ya'yan suna nan a bakinta har su shanye kwanduwar da ke maƙale a cikinsu, wajen kwana 10 zuwa 14 ke nan gaba ɗaya. Duk tsawon lokacin nan ba ta cin abinci.

Ban manta ranar da na fara ganin sakin 'ya'ya ba. Bayan sallar asuba ne, na tarar da uwar a kusurwar tanki, wani abu kamar hayaƙi yana yawo a gaban fuskarta. Da na matso inuwata ta faɗa kan gilashi, sai ta sunkuyar da kai ta wage baki, suka ruga ciki kamar an zuƙe su. Biyu da suka makara suna ta ƙwanƙwasa leɓenta har ta buɗe musu.

Waɗanne iri ne manya da mutum zai iya ajiyewa a gida?

Na gida ne farko. Karfasar Nilu, Oreochromis niloticus, ana gane ta da ratsin da ke tsaye a jelarta, kuma a babban ruwa takan kai santimita 60. Jar karfasa da ake gani a gonakin kifi ruwa-biyu ce daga wannan dangi, tana da kyau ƙwarai a gilashi. Sai mai baƙin haɓa, Sarotherodon melanotheron, 'yar asalin lagun ɗin Legas, wadda ke rayuwa a ruwan daɗi da na gishiri duka. Ita tata al'adar daban ce, uba ne ke goyon ƙwan a bakinsa. 'Yar'uwarta Sarotherodon galilaeus kuwa, uwa da uba kowa yakan ɗauka. A lura, akwai karfasar da ba ta goyo a baki sam, irin su Coptodon zillii da Coptodon guineensis, waɗanda ke manna ƙwansu a ƙasa su tsaya gadi. Wanda ya kamo su a lagun yana jiran ya ga kumburin haɓa, alamar goyo, zai daɗe bai gani ba.

Na waje kuma daga manyan tafkunan gabashin Afirka suke. Tafkin Malawi yana da siklid fiye da iri 700, kusan dukkansu masu goyo a baki. Manya daga cikinsu akwai venustus mai zanen raƙumin dawa, da moorii shuɗi mai ƙullin goshi, da livingstonii wanda ke kwanciya a yashi kamar mushe har ƙaramin kifi ya matso ya cafke shi. Waɗannan sukan kai santimita 20 zuwa 25. Sarkinsu a idon masu kiwo shi ne frontosa na tafkin Tanganyika: fari da shuɗi, ratsi baƙi shida ko bakwai, goshin namiji da tozo kamar na bijimi, tsawonsa ya haura santimita 30.

Da wanne zan fara?

Da karfasa. Na san ba amsar da kake so ka ji ba ke nan, domin hoton frontosa ne ya kawo ka. Amma karfasa tana jure zafin Legas, tana yafe kuskuren ɗan koyo, tana haihuwa tun tana wata 5 ko 6, kuma a jikinta za ka koyi duk abin da ake bukata. Frontosa sai ya shekara 3 ko 4 kafin ya fara haihuwa, ga tsada, ga rashin jure zafi. Ka yi shekara guda da karfasa, ka ga goyo uku ko huɗu sun fita lafiya, sannan ka matsa zuwa na Malawi.

Wane girman tanki ake bukata?

Tsawo ya fi zurfi muhimmanci, saboda macen da namiji ya kora tana bukatar wurin gudu. Ga frontosa ko manyan na Malawi, kada ya gaza santimita 180 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsaye. Wannan yana cin kusan lita 650, wato jarka 26 ta mai ruwa. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka in ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu kana maganar wajen kilo 800 a wuri guda. Teburin katako na kasuwa ba zai ɗauka ba, sai ƙarfe da aka yi walda musamman, a ƙasa mai daidai. Mai zama a bene ya yi shawara da mai gida tukuna. Gilashin kada kaurinsa ya gaza milimita 12, da maɗauri a sama, da murfi, domin manyan kifayen nan sukan yi tsalle in sun firgita da dare.

Ruwan rijiyar burtsatse ko na mai ruwa zai yi?

Ga karfasa yawanci yana yi. Ga na Malawi da Tanganyika sai an gyara. Ruwan tafkunan nan mai kanwa-kanwa ne, ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yana tsakanin 7.8 da 9, alhali ruwan burtsatse a unguwanni da yawa na Legas ɗan tsami-tsami ne, ƙasa da 7. A wasu wuraren kuma, musamman wajen Lekki da Ajah, yana zuwa da tsatsa ko ɗanɗanon gishiri. Kada ka yi canki-canki, ka sayi 'yar kwalbar gwajin pH a wurin masu kayan kifi ka auna.

Gyaran da na fi yarda da shi mai arha ne: dakakkiyar katantanwar teku irin wadda ake sa wa kajin gona a abinci. A wanke ta sosai, a ƙulla a raga, a sa cikin filta, wato matatar ruwan tanki. Tana narkewa a hankali tana riƙe ruwan a daidai. Bekin soda ma yana ɗaga ma'aunin, amma a narkar da shi a bokiti a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin sauyin gaggawa ya fi cutar da kifi fiye da ma'aunin da ya ɗan gaza. Kanwar miya kuwa kada ta kusanci tankinka.

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, sai a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu da iska tana kaɗa shi, ko a sa maganin kashe kulorin. Ruwa mai tsatsa ma a bar shi ya kwana, jan ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama. In daga 'yan garuwa kake saye, ka tsaya a kan mutum ɗaya da rijiya ɗaya, kuma ka shinshina jarkar. Wadda ta taɓa ɗaukar kananzir ko fetur tana iya gamawa da tanki guda.

Na sayi sabon tanki, ruwa garau, amma cikin mako guda kifayen suka mutu. Me ya faru?

Kashinsu ne ya kashe su. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce da ido ba ya gani. A tsohon tanki akwai bakteriya masu amfani da ke zaune a soson filta, suna mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda shi cutarwarsa kaɗan ce kuma canjin ruwa ke rage shi. Sabon tanki ba shi da su, sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kuma amoniya ta fi dafi a ruwa mai zafi mai kanwa-kanwa, wato daidai irin ruwan da muke haɗa wa na Malawi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi wani mai tsohon tanki lafiyayye ya yanka maka guntun soson filtarsa, ka kawo shi a jiƙe ka sa a taka. Ka fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan. Bayan haka, kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka mayar da sabo. Soson filta a ɗauraye shi da ruwan da aka cire daga tanki, ba da sabulu ba, ba kuma a shanya shi a rana ba.

In an ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a sayi ko da kifi ɗaya. Na taɓa asarar frontosa uku a dare guda cikin watan Maris. An ɗauke wuta wajen ƙarfe 11, na ce ai za a kawo, barci ya kwashe ni. Da asuba na same su kwance a yashi bakinsu a buɗe, manyan ne ma suka riga ƙananan. Shekara biyu na yi ina renonsu.

Babban kifi ya fi bukatar iska, ruwan zafi kuma ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. Mace mai goyo ta fi kowa shiga haɗari, domin bakin da za ta ja ruwa ta shaƙi iska da shi a cike yake. Maganin ba shi da tsada: injin iska mai batir a cikinsa, wanda ke kama aiki da kansa da zarar wuta ta tafi. Ba ya cin wuta, ƙaramar sola ko inbata ma za ta riƙe shi kwana da kwanaki. In babu komai a hannu, ka ɗebi ruwan tankin da moɗa ka riƙa kwararo shi daga sama, kowane minti 15 zuwa 20, kuma kada ka ba su abinci sai wuta ta dawo. In filta ta yi awanni da yawa a kashe, ka ɗauraye ta kafin ka kunna, kada ta turo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki.

Zafin Legas ba zai dame su ba?

Karfasa daɗinsa take ji, digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos shi ne abin da take so. Na Malawi sun fi son 24 zuwa 28. Frontosa ne matsala. Tanganyika ya kai zurfin mita 1,470, shi ne na biyu a zurfi cikin tafkunan duniya, kuma frontosa yana zama can ƙasa cikin duwatsu, mita 30 zuwa 50 ko fiye, inda ruwa ke da sanyi-sanyi da duhu. Masu nutso ma sai sun yi kwanaki suna ɗago shi mataki-mataki kafin ya iso sama da rai. Digiri 24 zuwa 26 yake so, alhali a Fabrairu da Maris ruwan ɗaki mai rufin kwano yakan haura 30.

A ajiye tanki nesa da taga da bangon da rana ke duka. A ɗaga murfi a sa raga, a saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, wannan yakan rage digiri 1 zuwa 2. A rage fitila. Ƙanƙara kai tsaye cikin tanki ban yarda da ita ba, hawa da saukar zafi ya fi wahalar da su. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, ina ba shi shawara ya haƙura da frontosa.

Yaya ake gane namiji da mace?

A karfasa, in ta kai kamar gram 30, ka juya ta a jiƙaƙƙen hannu ka duba ƙasan ciki kusa da jela. Namiji ƙofa biyu gare shi, da ɗan tsiro mai tsini. Mace uku, da 'yar tsaga a kwance a jikin tsiron. Ɗigon tawada ko shuɗin wanki a wurin yana fito da tsagar fili. A yawancin na Malawi launi ke nunawa, namiji ya yi shar, mace ta zauna ruwan ƙasa, kuma mazan da yawa suna da ɗige-ɗige masu kama da ƙwai a fiffiken ƙasa. Frontosa sai ya girma: namiji ya fi jiki, ya fi tozo, fiffikensa ya fi tsawo. Shi ya sa ake sayen ƙanana 6 zuwa 8 a rene su tare, daga baya a rage mazan.

Namiji ɗaya da mace ɗaya sun isa?

A'a, zai kashe ta da kora. Namiji ɗaya, mata 3 zuwa 5, yadda fitinarsa za ta rarrabu. A jera duwatsu ko guntayen bututun roba mai faɗi ko fasasshiyar tukunya, yadda in mace ta shige ba ya hango ta. Duwatsun su zauna a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, domin masu haƙa ne, za su iya rufto wa kansu dutse.

Ta yaya zan san ta ɗauki ƙwai?

Haɓarta za ta sauko kamar an cusa goro, bakinta a rufe gam, tana motsa shi a hankali kamar mai tauna. Juya ƙwan take yi don ruwa ya ratsa su kada su yi funfuna. In an zuba abinci za ta taso da sauri kamar kowa, ta zo dab da shi, sai ta juya. Nan gaba kaɗan, in ka haska daga gefe, za ka ga baƙin idanun 'ya'yan ta cikin fatar haɓar.

Karfasa takan ɗauki ɗaruruwa, babba har fiye da 1,000, ƙwai rawaya kamar ƙwayar gero. Na Malawi sukan riƙe wajen mako 3. Frontosa ƙwanta kaɗan ne, 20 zuwa 50, amma kowanne ya kusa ƙwayar waken suya, kuma tana goyo kusan mako 5.

To, in cire ta in ware ta ko in bar ta?

A nan mafi yawanmu muke ɓata abin da hannunmu. Mutum ya ga haɓa ta kumbura, murna ta kama shi, ya ɗauko raga ya bi ta lungu-lungu, ya kira maƙwabta, yara su riƙa buga gilashi. Kifin da ya firgita abu biyu yake yi, ko ya tofar da ƙwan ko ya haɗiye. Goyona na farko haka na rasa shi, a cikin ragar ta zubar da su duka, ina kallo suka yi fari washegari.

Bakin uwar nan ya fi duk wata na'ura da za ka saya. Shi ke juya ƙwai, shi ke kawo musu iska, shi ke fitar da wanda ya lalace. Aikinka ka sama mata kwanciyar hankali kawai. Mako na farko kada ka taɓa ta ko kaɗan. Ka rage haske, ka rufe gefen da mutane ke wucewa da zane, ka tabbata injin iska bai tsaya ba. In namiji ya matsa mata, shi za ka cire, ko ka raba tankin da raga mai tauri ita ta zauna a gefenta.

In dole sai an ɗauke ta, a bari sai ƙwan ya ƙyanƙyashe 'ya'yan sun ɗan yi ƙwari, kamar kwana 7 a karfasa, mako 2 a na Malawi, mako 3 a frontosa. A yi da dare bayan fitila ta daɗe a kashe, a kora ta a hankali cikin roba a ƙarƙashin ruwa, kada a ɗago ta cikin iska. Tankin da za a kai ta ya zama da ruwan da ta saba, da maɓoya guda. Bayan ta saki 'ya'ya za ta riƙa karɓarsu in sun tsorata na 'yan kwanaki. Ranar da ka ga ta daina, ka raba su. Amma kada ka mayar da ita wurin namiji nan take. Ta yi azumin makonni, ta rame, ka ba ta mako guda ko biyu ta ci ta murmure, in ba haka ba zai sake sa ta ɗaukar wani goyon a kan rama.

Na ga ana buɗe bakin uwar a zazzage 'ya'yan. Ya dace?

Masu ƙyanƙyasa don kasuwa suna yi, domin mace ta koma cin abinci da wuri ta sake haihuwa. Ana riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu, kanta a cikin ruwan kwano, a ja leɓen ƙasa a hankali, a ɗan girgiza. In ƙwai ne ko 'ya'yan da kwanduwarsu ba ta ƙare ba, sai an sa su a wata 'yar kwalba da iska ke jujjuya su dare da rana, kuma in wuta ta tafi awa ɗaya an yi asara. Ga mai tanki ɗaya ko biyu a gida ban ga dalilin yi ba, sai dai in uwar ta kamu da ciwo ko ta wuce lokacinta sosai tana ta ramewa. Hannun da bai saba ba yakan goce mata muƙamuƙi.

Ta haɗiye ƙwanta bayan kwana uku, ko muguwar uwa ce?

Ba lallai ba, Hajiya. Sabuwar haihuwa takan yi haka sau ɗaya ko biyu kafin ta iya. Wani lokaci namijin ne bai balaga ba, ƙwan bai ɗauku ba, ita kuma ta gane. Sauran dalilan su ne kora, ƙarancin iska da gurɓataccen ruwa. Ki gyara waɗannan ki ba ta dama, karfasa takan sake cikin mako 4 zuwa 6.

Me ake ba 'ya'yan, me ake ba manya?

'Ya'yan masu goyo a baki suna fitowa da ɗan girmansu, ba sa wahalar ci. Garin abincin kifi mai yawan furotin, kamar kashi 40 cikin 100, a murje shi ya yi laushi, sau 4 ko 5 a rana, ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu. Kwanduwar dafaffen ƙwai ma suna ci, sai dai tana ɓata ruwa da wuri. A ɗaure bakin bututun filta da soso kada ya zuƙe su. Duk mako biyu a ware waɗanda suka fi girma.

Manyan karfasa suna cin abinci mai furotin kashi 28 zuwa 32, da ganyen zogale, da ɗan dusa. Venustus da livingstonii da frontosa mafarauta ne, suna son ɗanyen jatan lande da aka yayyanka ko naman kifi fari lokaci-lokaci. Frontosa a ba shi abinci mai nutsewa, domin in yana cafkar na saman ruwa yakan haɗiyi iska ya kasa sauka. Naman shanu, kitse da burodi ba abincinsu ba ne, su ke kawo kumburin ciki.

Kwamina ya cika da karfasa, amma duk ƙanana, sun ƙi girma.

Haihuwa ce ta yi yawa. Uwar da ke tsare 'ya'yanta a baki kusan duk suna rayuwa, su ma bayan 'yan watanni su fara nasu, abinci da wuri su gaza. Mace kuma ƙarfinta a goyo yake ƙarewa, shi ya sa namiji ya fi ta saurin girma. In nama kake so, ka raba kwamin haihuwa da na girma, ka zuba maza zalla a na girma, ko ka ware da hannu ko ka sayi 'ya'ya maza daga masu ƙyanƙyasa. Wasu sukan sa tarwaɗa kaɗan ta riƙa rage 'ya'yan, amma ta zama ba ta kai girman da za ta haɗiye manyan ba. Don haihuwa kuma, ragar hapa da ake ɗaurawa a cikin kwami ta fi sauƙi, a sa iyaye a ciki, a riƙa kwashe 'ya'ya duk mako biyu.

Wanda ke son ganin yadda ake yi da yawa ya leƙa rukunin gonakin kifi na Odogunyan a Ikorodu. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island da ta kifin ruwan daɗi da ke New Bussa su ma suna aiki a kan wannan fanni. In kuma ka je Epe, ka shiga kasuwar kifi ta Oluwo ka tambayi kifin da ake kira wesafu, ka ga girman da ɗan wannan dangi ke kaiwa a lagun.

Sabon kwamin siminti da ruwan damina fa?

Sabon siminti yana fitar da sinadarin da ke ƙone kifi. A cika shi, a bar shi kwanaki, a zubar, a maimaita har mako 3 ko 4, a auna kafin a zuba kifi. Tankin tamfol ba shi da wannan matsala. Damina kuma, musamman Yuni da Yuli, a sa bututun ambaliya mai raga a baki, kuma bangon kwami ya fi inda ruwan unguwa ke kaiwa. Ruwan kwata in ya shiga, an gama. Koren ruwa yana da amfani ga 'ya'yan karfasa, amma da asuba iskarsa ke yin ƙasa, in ka ga sun taru a sama suna haki lokacin, a rage kore a ƙara iska.

Wace cuta aka fi gani?

Farin ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, kifi yana goga jiki a dutse. Gishiri gram 2 zuwa 3 a kowace lita, a ƙara a hankali, tare da canjin ruwa, yakan taimaka. Sai kumburin ciki da farin kashi mai tsawo, wanda ke bin mugun abinci da dattin ruwa. Duk sabon kifi ya yi mako 3 a tankinsa daban kafin ya shiga cikin sauran.

Zan tafi gida Sallah mako biyu, yaya zan yi da su?

Dabbar da ka tsare haƙƙinta na wuyanka, kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa. Amma a nan yunwa ba ita ce abin tsoro ba, lafiyayyen babban kifi yana yin mako guda ba ci bai damu ba. Abin da ke kashe su shi ne yaron da aka bar wa amana ya juye rabin gwangwani don tausayi. Ka canza ruwa kwana biyu kafin tafiya, ka ƙulla abincin kowace rana a takarda daban, na kwana bibbiyu ma ya isa, ka ɓoye sauran. Ka nuna masa injin iska, ka ce abu ɗaya zai duba safe da dare, kumfa tana tashi ko ba ta tashi. In akwai 'ya'ya ƙanana, gara ka kai su wurin wani mai kiwo.

Sun yi mini yawa, in zuba su a lagun?

Kada ka yi. Baƙon kifi in ya shiga ruwan da ba nasa ba yana iya kawo cuta, ko ya gauraya da na gida, ko ya kore su, kuma masuntan Makoko da Epe da Badagry da wannan ruwan suke ci. Na ado a sayar ko a yi musaya da masu shagon kifi tun suna santimita 4 zuwa 5, a faɗa wa mai saye gaskiyar irinsu, in ruwa-biyu ne a ce ruwa-biyu ne. Karfasa kuwa tukunya na jiranta, in dai ba a sa wa ruwanta maganin kifin ado ba. A daina ba ta abinci kwana ɗaya ko biyu a ruwa mai tsabta kafin a kama, ƙarnin laka zai ragu.